Hoton da Ya Riga Ni Isa Gida

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a ƙasar Beljik, shi ya fara cuta ta.

Ina tsaye a babbar tashar jirgin ƙasa ta Burusel, jakata tsakanin ƙafafuna, ina kallon allon da sunayen garuruwa ke sauyawa a kansa tun ban gama karanta ɗaya ba, sai na ji an ce daga bayana, "Malam, sannu da hanya. Wannan hula ai ta Damagaram ce."

Na juya na ga wani dattijo mai furfura a gemu, da carbi naɗe a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Bala, ya daɗe a ƙasar. Muka gaisa har da tambayar damina. Da na faɗa masa garin da zan je, sai ya girgiza kai.

"Ka zo a ranar wahala. Masu sayar da tikiti suna yajin aiki, na'urar nan kuwa ba ta karɓar kuɗin hannu. Amma Allah ya taimake ka. Na saya wa ƙanena tikitin hanyar nan, ya fasa tafiya."

Na ba shi kuɗi, ya ba ni takarda, ya raka ni har bakin jirgi, ya yi mini addu'a. Tun daga gida nake ɗauke da zargi mai nauyi, amma duka na tanade shi ne don Turawan da suka biya mini kuɗin tafiya. Ban rage ko kaɗan don mai carbi ba.

Sunana Mamman Sani. Tarihi nake koyarwa a lise, wato babbar sakandare, a Magariya, yara suna ce mini Mushe Sani, yadda ake kiran malami da Faransanci. Mahaifina shi ne limamin ƙauyenmu, kusa da Dungas. Muna yara akwai wani kafinta a ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, Yohana, wanda ya je jinya asibitin mishan ya dawo Kirista. In an aike ni wurinsa nakan tarar da shi yana addu'a da Hausa, Hausar da nake ji sarai amma ban taɓa jin an jera ta haka ba. Abin ya zauna mini a rai har na girma. Da na shiga karatun digirin dokta, sai na zaɓi in binciki yadda Turawan mishan na farko suka mayar da addu'o'insu cikin harshenmu. Takardunsu kuwa ba su nan, suna can Turai a cikin akwatuna. Malamina na jami'a ne ya nuna mini wata gidauniya da ke biya wa masu nazarin tarihin addu'ar Kirista kuɗin ziyarar bincike: jirgi, masauki da abinci, na wata uku. Na nema, aka ba ni.

Duk wanda ya ji, tambayarsa ɗaya ce: me suke so a wurinka? Matata Rabi ta yi ta. Kawuna ya yi ta da faɗa. Mahaifina kaɗai bai yi ba. Ya ce Allah ya kai ni lafiya, ya koma kan littafinsa, ni kuwa na kasa gane ko yarda ce ko fushi. Gaskiya ni ma tambayar tana raina. Na karanta sharuɗɗan bursin nan, wato tallafin gidauniyar, har na kusa haddacewa, ina neman inda aka ɓoye tarko, ban samu ba. Rashin samun ya ƙara tayar mini da hankali.

Jirgi bai yi nisa ba mai duba tikiti ya zo. Ya juya takardata, ya dube ni, ya ce wannan an yi tafiya da ita tun jiya. Na ba shi labarin yajin aiki. Ya ce babu wani yajin aiki. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, kawai ya ce ko in biya tara ko in sauka a tasha ta gaba. Mutanen da ke kusa suka mayar da idanunsu kan wayoyinsu. Kunya ta hana ni ciniki, na sauka.

Tashar ba ta da kowa. Benci ɗaya, rumfar gilashi, ruwan sama siriri mai sanyin da ke shiga har ƙashi. Babbar rigata ta shadda ta manne mini a jiki. Ina nan zaune sai ga wata tsohuwa ta fito daga wata ƙaramar mota da kare a igiya. Ta tambaye ni ko jirgi ya wuce ni. Na nuna mata sunan wurin da zan je, ta ce, "Wurin ruhubanawa? Hanyata ce. Shigo."

Na shiga, amma hannuna bai bar mariƙin ƙofa ba har muka isa. Karen yana numfashi a ƙeyata, ita tana ba ni labarin ciwon gwiwarta, ni kuma ina lissafin yadda zan faɗa waje in na ga ta kauce hanya. Ta ajiye ni a bakin wata katuwar ƙofar dutse, ta ɗaga mini hannu ta tafi. Sai da motar ta ɓace na tuna ban tambayi sunanta ba.

Ruhubanawa maza ne da suka bar aure da dukiya suka tare wuri guda don ibada. Na wannan gida tsofaffi ne akasari, suna kiran juna Firer, wato ɗan'uwa. Wanda aka haɗa ni da shi sunansa Firer Luk, mai kula da ɗakin littattafai, dogo ne ramamme, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Shi ya kai ni ɗakina. Gado, tebur, taga mai kallon gonar kabeji, da gicciye rataye a bango.

Ya ga inda idona ya tsaya, ya ce, "In yana damunka, sai in cire."

Na ce a'a, a bar shi. Na ɗauka gwaji ne: in na ce a cire, a rubuta cewa ni mai tsanani ne, in na ce a bari, a rubuta cewa na fara laushi. Na duba alƙibla a wayata, na yi sa'a ta faɗa wajen taga, gicciyen yana bayana.

Kwanakin farko komai nasu bincikarsa nake. Miya in ta zo sai na juya ta da cokali ina neman nama. Firer Luk ya lura, ya kai ni madafa ya nuna mini tukunyar da aka ware mini, ya ce kifi da ƙwai da ganye kawai za a riƙa sa mini. Na yi godiya, na ci gaba da juya miya. Banɗakinsu babu buta, da gorar ruwan sha nake shiga, ina ɓoye ta a rigata. Wata safiya na buɗe ƙofa na tarar da wata 'yar koriyar buta mai dogon baki, irin wadda suke ba furanni ruwa da ita, an wanke ta an ajiye. Na daɗe ina kallonta. Abin da ya fara zo mini shi ne: ashe ana kallon shigata da fitata. Amma na ɗauka, kuma da ita na yi alwala har na bar ƙasar.

Aikin kansa ya fi ƙarfin zargina. Da safe Firer Luk yakan turo mini akwatunan kwali a kan 'yar amalanke, in buɗe in tarar da rubutun hannun mutanen da suka mutu tun kafin a haifi mahaifina, suna kokawa da Hausa. Wani ya rubuta "salla", ya soke, ya rubuta "roƙo", ya soke, ya tsaya a kan "addu'a". Wani yana gardama da shi a gefen shafi, yana cewa in aka ce salla mutane za su zaci abu ɗaya ne. Nakan yi dariya ni kaɗai in na ga inda suka karya harshe, wani wuri kuma in yi shiru, don sun kama wata kalma da kyau har na ji muryar Yohana kafinta. Firer Luk kuma ya riƙa kawo mini tsofaffin littattafai a kan Kiristocin farko, yadda suka raba yini zuwa lokutan ibada, suna fuskantar gabas, wasunsu suna kai goshi ƙasa. Ina karantawa ina jin daɗi, can kuma sai in ce a raina: don me ya zaɓo mini wannan littafin, ba wani ba?

Lokacin kaka ne a gida. Rabi takan aiko mini saƙon murya, in ji maganarta, a bayanta kuma ga ƙarar turmi da kukan awaki da muryar 'yarmu A'isha tana gardama da wani. Maganar nakan saurara sau ɗaya, sauran sauraren duk don ƙarar bayan ne. Ƙanena Habibu ya turo hoton damman hatsi an jera a gonarmu. A can kuwa rana takan yi mako ba ta fito ba. Azahar da la'asar da magariba suka matso kusa da juna har nakan yi su da alwala ɗaya. Bakina ya gaji da burodi da dankali. Ran nan na tsinci kaina ina sansanar jakata, don akwai sauran ƙamshin ƙuli-ƙulin da ya ƙare.

Juma'a nakan hau bas zuwa wani gari inda Turkawa ke da masallaci a bayan wani shago. Ba na jin huɗubarsu. Bayan salla wani mai gashin baki yakan kama hannuna ya zaunar da ni, ya tura mini kwanon miyar wake mai zafi da shayi a ɗan ƙaramin kofi. Ba mu da harshe ɗaya da shi. Yakan dafa ƙirjinsa, in dafa nawa.

Wata rana Firer Luk ya ce mini, "Kana karanta yadda ake rera Zabura a takarda, alhali ga ta ana yi a ƙarƙashin ɗakinka. Ka zo ka zauna a baya ka ji. Ba wanda zai ce ka yi komai."

Na yi kwanaki ina juya maganar. A wurin mai bincike gaskiya ya faɗa, ba a rubuta tarihin abin da ba a taɓa ji da kunne ba. Na je. Na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, da hulata a kai. Ruhubanawan suka kasu gida biyu suna fuskantar juna, wannan ɓangare ya rera layi, wancan ya amsa. A nan na gane abin da wasu alamomi da na yi ta gani a takardun mishan suke nufi: wuraren numfashi ne. Na koma wasu lokuta, kullum a bencin ƙarshe, kullum da fensir.

A tsakiyar wata na biyu wata mata ta zo daga ofishin gidauniyar, Madam Kilodin. Aikinta shi ne zagaya waɗanda aka ba bursi ta ga yadda suke. Mai fara'a ce, tana yawan taɓa hannun mutum in tana magana. Ta yaba aikina, ta tambayi iyalina, ta ɗauki hotona a ɗakin littattafai da akwati a gabana, da yardata. Da aka kaɗa ƙararrawar ibadar yamma ta ce za ta shiga, ko ni ma zan je? Na ce nakan je in saurara. Na zauna inda na saba. Sanyi ake yi ranar, na haɗa hannuwana a ƙirji, na sunkuya ina bin layi a ɗan littafin da ke kan benci. Ban ji ƙarar komai ba, ban ga ta ɗaga waya ba.

Bayan kamar mako biyu, da hantsi ina tsakiyar aiki, Rabi ta kira. Ba ta saba kira ba sai saƙo. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Baban A'isha, wane hoto ne wannan?"

"Wane hoto?"

"Wanda ke yawo a waya. Kana cikin coci ka sunkuyar da kai." Ba ta jira amsata ba. "Jiya A'isha ta dawo daga makarantar allo tana kuka, yara sun ce ubanta ya zama arne. Na je kasuwa, mai kayan miya da na saba da ita ta ƙi kallon idona. Ka gaya mini gaskiya, don Allah. Ni zan iya ɗauka, amma ka gaya mini."

Na rantse mata. Ta ce ta yarda, amma yadda ta faɗi kalmar ya nuna mini sai da ta yi kwana tana tunani. Ta turo mini hoton. Ni ne, babu musu: hular Damagaram, hannuwa a haɗe, kai a ƙasa, hasken taga mai launi yana sauka a kafaɗata, ruhubanawa a gaba cikin fararen riguna. Fensirin bai fito ba. A shafin gidauniyar aka sa shi, da rubutun Faransanci a ƙasa, cewa ɗan limami daga Nijar yana tarayya da 'yan'uwa a addu'ar yamma. Wani kuma a Magariya ya haɗa shi da saƙon murya na Hausa, yana cewa jama'a ku ga abin da kuɗin Nasara ke saya.

Na kira Habibu. Ya ce labari ya kai ƙauye tun ranar kasuwar Dungas. Wasu sun daina bin Baba salla, sun koma gindin tsamiya suna yin tasu, kawunmu ne ke ja musu. Suna cewa wanda ya sa wa ɗansa albarka ya tafi wurin nan, ya san abin da ya tura shi yi. Na ce ya kai wa Baba waya. Na ji takunsa, na ji ƙus-ƙus, sannan ya dawo ya ce, "Yaya, ya ce yana karatu."

Kalma biyu suka tsaya mini: ɗan limami. Ban rubuta haka a takardar neman bursi ba. Ban gaya wa Madam Kilodin ba. Mutum ɗaya na gaya wa a duk ƙasar.

Na sami Firer Luk yana jera littattafai a kan tsani. Na miƙa masa wayar ba tare da gaisuwa ba. Ya sauko, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya gaya mata aikin mahaifina?"

"Ni ne," ya ce. "Ta tambaye ni wane irin mutum ne kai, na gaya mata. Daɗi nake ji na faɗa."

"Kai kuma ka ce in shiga in saurara. Kai ka kawo mini littattafan masu kai goshi ƙasa. Kai ka ajiye mini buta. Tun yaushe kuka shirya wannan?"

Ya miƙo mini wayata. Ya ce bai san ta ɗauki hoto ba, kuma an hana ɗaukar hoto a lokacin ibada. Na gaya masa abin da ke faruwa a gida, har da kukan A'isha da mutanen gindin tsamiya. Ya sa na maimaita a kunnensa mai ji. Sannan ya ja ni ofishinsa ya kira Madam Kilodin a gabana, ya buɗe murya don in ji.

Mamaki ta yi na gaske, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce ai hoto ne mai kyau, yana nuna zaman lafiya tsakanin addinai, masu ba gidauniyar kuɗi sun ji daɗinsa ƙwarai. Ta ce na amince a yi amfani da hotunana. Na ce na amince da hoton ɗakin littattafai. Firer Luk, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya buga tebur ya ce, "Madam, kin saka mutumin nan a addu'ar da bai yi ba. Ƙarya ce, ko da kyakkyawa ce. Ki cire yau."

Ba ta cire ranar ba, sai da shugabanta ya dawo daga tafiya. Suka sa gyara a madadinsa, layi biyu na Faransanci, cewa mai binciken Musulmi ne, sauraro kawai ya je yi. Na tura wa duk wanda nake da lambarsa. Ban ji wanda ya tura wa wani ba. Hoton kuwa yana cikin wayoyi daga Bande har Sassumbrum.

Da Firer Luk ya ajiye waya ranar, na yi masa tambayar da ke bakina tun zuwana.

"Firer, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Kana so in zama Kirista?"

Ya cire tabarau ya goge. "Da ka zama, da na yi murna. Ba zan ɓoye maka ba. Kai fa, da na musulunta, ba za ka yi murna ba?"

Na ce zan yi.

"To. Amma ba don haka na buɗe maka akwatuna ba. Shekaru suna nan ba wanda ke iya karanta su. Abin da ke zuciyar masu kuɗin kuwa, ban sani ba, ban taɓa ganinsu ba. Laifina shi ne bakina, kuma ina neman gafararka."

Na ce na ji. Ban ce na yafe ba. Amsarsa ta yi kama da gaskiya, amma Alhaji Bala ma ya yi kama da gaskiya.

Rabi ta ce in dawo. Na yi tunanin haka, har na fara haɗa kaya. Sai na ga in na gudo yanzu, za a ce asiri ya tonu ne na tsere. In na zauna, za a ce daɗin wurin ya riƙe ni. Tunda duka biyun zagi ne, na zaɓi wanda zan fita da aiki a hannu. Na daina shiga ibadarsu. Na daina cin abinci a teburinsu, nakan ɗauko in kai ɗaki. Firer Luk ya ci gaba da turo amalanken akwatuna, yana ajiyewa a bakin tebur ba magana. Zargina ya juya gida. Wa ke bin shafin wata gidauniyar Turai a Magariya? Na tuna Mushe Ila, abokin aikina, wanda na nuna wa sanarwar bursin ya ce shi ma zai gwada sa'a. Na saurari saƙon muryar nan har ban san iyaka ba, ina neman muryarsa a ciki. Wani lokaci in ji kamar shi ne, wani lokaci in ji ba shi ba. Har yau muna shan shayi tare a ɗakin malamai, har yau ban sani ba.

Ranar da zan tafi, Firer Luk ya ɗauki jakata duk da tsufansa, ya kai ni har tasha, ya saya mini tikiti da hannunsa a gaban ma'aikaci. Ya ce in gai da mahaifina, sannan ya gyara ya ce, "Ko kuwa kada ka ambace ni, ka ga abin da ya fi." Na miƙa masa hannu. Ya riƙe da hannu biyu. Jirgi ya tashi yana tsaye cikin ruwa, ni kuma ina jin tausayinsa ina kuma jin haushin kaina da nake tausayinsa.

A Magariya kwana ɗaya na yi. Maƙwabta sun zo sannu da zuwa, amma gaisuwar gajera ce, idanunsu suna kan wuyana da bangon ɗakina, suna neman gicciye. A'isha ta ƙi sakin rigata. Washegari na hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Mai babur ɗin ya san ni, sai da muka hango rumbuna ya ce, "Mushe, an dai ce abubuwa." Na ce na ji.

Mun isa ana kiran la'asar. Ban shiga gida ba, na tsaya na yi alwala a randar ƙofar masallaci. Ta gefen ido ina ganin mutanen gindin tsamiya suna shimfiɗa buzayensu, kawuna a gaba. Na shiga. Masallacin da na sani cike, yanzu ana ganin tabarma tsakanin mutane. Kawunan mutane suka juyo, gaisuwa ta mutu a baki. Mahaifina yana zaune a gaba, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar daga gona na dawo.

Ladan ya tayar da iƙama. Mahaifina ya miƙe da sandarsa, ya taka zuwa wurin liman, sai ya tsaya. Ya ja da baya ya shiga sahu, ya nuna wurin da haɓa.

"Kai, shiga gaba."

Na ce, "Baba..."

"Mutane suna jira."

Na shiga. Na tsaya a wurin liman. Ban sani ba ko wanke ni yake yi a gaban jama'a, ko gwada ni yake. Kafin in ɗaga hannu na ji motsi a baya, wani ya yi tsaki, na ji ana jan takalma a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne, ko rabin masallaci? Liman ba ya waiwaye. Na yi kabbara.

La'asar a ɓoye ake karatunta, don haka babu abin da nake ji sai numfashina. Da na yi ruku'u na kasa kunne, na ji shasshakar riguna a bayana, amma na kasa gane yawansu. A sujada na ji ƙarar gwiwoyin tsofaffi suna sauka. Ban taɓa yin salla mai tsawo irin wannan ba, ban kuma taɓa yin wadda hankalina ya rabu biyu haka ba, Allah ya yafe mini.

Na yi sallama na juyo. Sahun farko cike yake. Na biyu yana da giɓi a wajen ƙofa, inda waɗanda suka fita suka tsaya ɗazu. Ladan yana nan, Habibu yana nan, da wasu tsofaffin da ban zaci za su tsaya ba. Ba wanda ya yi murmushi. Suna jan carbi suna kallona, wasu da sauƙi, wasu har yanzu suna aunawa. Mahaifina yana daidai bayana, idonsa a rufe.

Da aka shafa fatiha mutane suka fara fita, na matsa kusa da shi don in taimaka masa ya tashi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Ka cika sauri a ruku'u. Can ma haka ka riƙa yi?"